Fadar Turai ko Fadar Hausa: Wace Za Ka Ɗora a Filinka?

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Abuja, Kaduna ko Kano ya san irin gidan. Hasumiya zagayayya a kusurwa, an kifa mata hular kwano mai tsini kamar malafa. Saman bango an yi masa giɓi-giɓi irin na ganuwar yaƙin Turawan da. A ƙofar shiga ga ginshiƙai biyu sun miƙe har bene. Masu wucewa kan rabu gida biyu: wani ya ce wannan ai fada ce, wani ya taɓe baki ya ce kuɗi ne suka rasa abin yi. Wannan gardama ba ta amfanar mai shirin aza harsashi. Abin da zai amfane shi shi ne ya san abin da kowane salo zai ci masa, da kamannin da gidan zai koma bayan damina biyar.

Abin da mai irin wannan gida yake nema sunansa kwarjini, kuma ba abin kunya ba ne. Masu cewa "ai kwaikwayo ne" su ma ba su kawo hujja ba, domin ɗaya daga cikin fadojin da aka fi kwaikwayo a duniya ita kanta kwaikwayo ce. Neuschwanstein da ke Bavariya a ƙasar Jamus, wadda Sarki Ludwig na Biyu ya fara a 1869, ba ta taɓa ganin yaƙi ba. Cikinta jan bulo ne aka lulluɓe da farin dutse, akwai ƙarfe a jikin gininta, akwai ruwan famfo da na'urar ɗumama ɗakuna, kuma sarkin ya mutu a 1886 ba a gama ta ba. A nan gida akwai Kajuru Castle a kudu maso gabashin garin Kaduna, wadda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, da bangon dutse mai kaurin kusan mita guda, a kan tudu. Har wanda ba ya son salon yakan yarda ta zauna daram a wurinta. Tambayar ke nan: me ya sa ta Kajuru ta karɓi wurinta, amma irin wannan fasali a kan fuloti cikin gari yakan zama kamar yaro ya sa babbar rigar mahaifinsa?

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai cikakkiyar siffar fadar Turai. Akwai siffar fadar Hausa, mai zaure da rawani (doron saman bango) da zankwaye, ko da ƙasa ko da kayan zamani. Sai na uku, gida sassauƙa wanda aka ara masa abu ɗaya tak daga ɗayansu.

Fili ne ke fara yanke hukunci

Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne da 30. Idan hukumar tsara birni, KNUPDA ce a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ta nemi ka ja baya mita 6 daga gaba da mita 3 a sauran ɓangarori, abin da ya rage maka faɗin mita 9 ne da tsawon 21. Hasumiyar da faɗinta daga waje ya kai mita 3.5 ta cinye fiye da kashi ɗaya bisa uku na fuskar gidan. Ka yi guda biyu, ƙofa ce kawai za ta rage a tsakani.

Sai maganar inda mai kallo zai tsaya. Kafin ido ya ɗauki gini gaba ɗaya, mutum yana bukatar ja baya kusan ninki biyu na tsayinsa. Gida mai tsayin mita 12 yana son a kalle shi daga mita 24. Layin unguwa bai cika kai rabin haka ba, ga katanga mai mita 3 ta rufe ƙasan ginin. Abin da mai wucewa zai gani hular hasumiya ce kawai tana leƙe ta saman katanga. Kuɗin da aka zuba don a gani sun tafi inda ba a gani.

Fadar Hausa ba ta da wannan matsala, saboda tun asali cikin cunkoson birni ta taso. Duk kwarjininta an tara shi a fuskar zaure, a bakin hanya, daidai idon mai tafiya a ƙasa. Dubi Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, ko fadar Sarkin Damagaram a Zinder: ƙofa ce da bango mai kauri suke magana, sauran gidan yana ɓoye. A fili ƙarami, wannan salo ya yi wa na Turai fintinkau. Siffar Turai ba ta fara numfashi sai fili ya kai aƙalla ƙafa 100 da 200, ko kuma wuri ne mai tudu ko dutse da za a hango daga nesa.

Rufi da ruwa

A nan ne mafi yawan kuɗi da mafi yawan baƙin ciki suke, don haka za mu daɗe a kai.

Rufi mai tsini an ƙirƙire shi ne don ƙanƙara ta zame kafin nauyinta ya karya katako. Mu ba mu da wannan damuwa, amma lissafinsa yana nan. A gida mai shimfiɗar murabba'in mita 200, rufi mai gangaren digiri 25 zai ci kwano kusan murabba'in mita 220. Ka ɗaga shi zuwa digiri 45, ya koma 283. Ka kai shi 60, wanda shi ne ke ba da kamar fadar Faransa sosai, ya zama 400, ninki biyu cif. Katako ko ƙarfen da zai riƙe shi ma haka zai hau, ban da asarar yanka a kowace kusurwa. A faɗin mita 9, ƙololuwar rufin digiri 60 tana tashi kusan mita 7.8, wato rufin ya fi bene biyun da ke ƙarƙashinsa tsayi, kuma ba mai kwana a ciki sai jemage.

Dogon rufi garkuwa ce da aka miƙa wa iska. Hadarin farkon damina, na Afrilu da Mayu, shi ne mai yaye kwano. Idan ka dage sai ka yi, kada a bar kafinta ya kafe katakon saman bango da ƙusa kaɗai. A binne rodi ko ƙusar noti cikin kankaren da ya ɗaure saman bango, tazarar da ba ta wuce mita 1.2 ba, a ɗaure kowane jigo da shi. Kwanon alminiyam kada ya gaza kaurin milimita 0.55. Na 0.45 yakan lotsa a dogon gangare, ka riƙa ganin tudu da kwari a jikinsa da hantsi.

Ɗaya fuskar fadar Turai ita ce shimfiɗaɗɗen rufi da bango mai haƙora ya kewaye. Wannan ya fi dacewa da iskarmu, domin bangon yana kare gefen rufi. Amma ya mai da saman gidanka kwano mai tara ruwa. Ruwan milimita 50 a yammaci ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 10,000 ne a kan rufin murabba'in mita 200. Jarka 400 ke nan ta mai lita 25. Duk wannan ruwa ana so ya bi ta 'yan bututu da aka ɓoye cikin bango don kada su ɓata ado. Ƙurar hunturu ta wata uku, da leda, da sheƙar tattabaru, sun isa su toshe bakinsu. Ruwa ya taru, ya haura inda aka tsayar da shafen kwalta, ya shiga bayan filasta. Alamar farko ita ce zoben ruwan kasa a silin ɗakin sama, sai fenti ya fara kumbura a kusurwa.

Kada ka ɗauka rashin gwanintar maginanmu ne kawai. Castle Drogo a yankin Devon na Ingila, wadda ake kira fada ta ƙarshe da aka gina a ƙasar, Edwin Lutyens ne ya zana ta, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gini na zamaninsa, aka gina ta da dutse daga 1911 zuwa 1930. Mai gidan, attajiri Julius Drewe, ya so shimfiɗaɗɗen rufi da tagogi marasa leɓe, don ta yi kama da ta dauri. Aka shafe rufin da kwalta a kan kankare. Kankare yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kwalta ta tsage, gidan ya fara yoyo tun ba a gama shi ba. Gyaran da aka yi masa daga baya ya ɗauki kusan shekara tara, sai da aka ɗaga duwatsun saman ɗaya bayan ɗaya aka shimfiɗa sabon abin tare ruwa, aka gyara tagogi sama da 900. Bambancin zafin rana da sanyin asuba a Kano ya fi na Devon nesa ba kusa ba.

Idan za a yi rufin dekin mai bango kewaye, ko na Turai ko na Hausa, ga abin da ba a sassauci a kansa. Gangare na santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, zuwa bakin mafita. A cike kusurwar da dekin ya haɗu da bango da siminti a karkace, domin shimfiɗar kwalta ba ta jure lanƙwasa mai kaifi. Shimfiɗar ta zama mai kaurin milimita 4 wadda ake mannawa da wuta, ta hau bango aƙalla santimita 30, a cusa bakinta cikin tsagi a like. A rufe ta da tayil ko tsakuwa, in ba haka ba rana za ta gasa ta kafin shekara goma. Bututu mai inci 4 ɗaya ga kowane murabba'in mita 50, kuma kowace magudana ta sami mafita biyu. Sama da kowace mafita da ɗan yatsa uku a huda wata ƙofar ko-ta-kwana da ke zubarwa waje kai tsaye. Kafin a biya mai aikin, a toshe mafitun, a tara ruwa kwana biyu, a shiga ƙasa a duba.

A nan indararo ya nuna hikimarsa. Ruwa yana fita a fili, nesa da bango. Ranar da ya toshe, yaro ma zai gani daga tsakar gida ya faɗa. A yi shi da kankare ko bututun ƙarfe, ya fito aƙalla santimita 60, a shimfiɗa dutse ko kankare inda ruwan ke sauka don kada ya ƙwaƙule gindin bango. Aibinsa ɗaya: ba a juya shi gidan maƙwabci ko kan masu wucewa, kuma a bene mai hawa biyu ruwan yana fantsama sosai, sai a haɗa shi da bututu a waje.

Haƙoran bango kuwa, kowane ɗaya ƙaramin gini ne mai kai da gefuna da ruwa zai zauna a kai. Rawanin Hausa doro ɗaya ne mai santsi, zanko a kusurwa kawai. Bango mai tsawon mita 60 da aka yi wa haƙori a kowace mita yana da kawuna 60 da kwaruruka 60. In ba a ɗora wa kowanne hular kankare da ta fito santimita 4 zuwa 5 ba, mai tsagi a ƙarƙashinta da zai yanke ɗigon ruwa, to bayan damina biyu za ka ga baƙin zane yana gangarowa daga kowane giɓi kamar kwalli ya zubo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin waɗannan kusurwoyi filasta take fara tsagewa.

Hasumiya

Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45 ne, kuma miƙaƙƙe ne. Ka jera shi a da'irar da faɗinta ya kai mita 3, kowane bulo zai kauce wa da'irar da kusan milimita 15 zuwa 17. Filasta ce za ta cike wannan, ta yi kauri a wani wuri ta yi siriri a wani, ta bushe ba daidai ba, ta tsage. Maganin shi ne a yi amfani da rabin bulo, inda kaucewar ke sauka zuwa milimita 4, ko jan bulo ƙanana. Aiki ya ninka, kuɗin birkila ma haka.

Cikinta kuma ba ya ɗaukar kaya. Da'ira mai faɗin mita 3 tana da murabba'in mita 7, amma murabba'in da za ka iya zanawa a ciki 4.5 ne kacal. Gado mai ƙafa shida da shida zai shiga, daga nan sai dai ka bi gefensa a karkace. Kabad ba ta jingina, sandar labule ba ta zama, tagar alminiyam miƙaƙƙiya ce a bango mai lanƙwasa. Hular kuma sai an yayyanka kwano kamar yankan kankana, kowane haɗi wurin yoyo ne.

Mai son hasumiya ya yi ta mai kusurwa takwas. Daga nesa ido yana karanta ta a matsayin zagayayya. Idan faɗinta mita 3.5 ne, kowane gefe zai kai kusan mita 1.45, ya ishi taga mai santimita 90, rufin kuma yanka takwas ne masu miƙaƙƙen baki. Sa'annan a ba ta aikin yi. Mafi dacewa shi ne matakala a ciki, tankin ruwa a sama. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin ruwa na "bar" ɗaya a ma'auni, wanda ya ishi shawa ta zubo da kyau. Sai dai tanki mai lita 2,000 tan biyu ne, dole injiniya ya sani tun yana lissafin rodi, ba bayan an zuba dekin ba. A bar ƙofofin iska a can sama, a sa musu raga mai ƙananan ido, zafin gidan zai riƙa hawa yana fita ta nan. Kada matakalar ta zama mai murɗewa kamar dodon koɗi in ita kaɗai ce a gidan. Katifa ba ta bi, kujera ba ta bi, marar lafiya da mutum biyu suka tallabo ba ya bi. Faɗin mita ɗaya, tsayin taki santimita 15 zuwa 17, shimfiɗar taki 28. Kuma tunda hasumiyar za ta fi komai tsayi a layin, ƙarfen kariya daga tsawa ya zama wajibi, da zirin tagulla mai milimita 25 da 3 har cikin ƙasa mai danshi.

Akwai abin da zanen da aka sauko da shi daga intanet ba zai gaya maka ba. Tagar hasumiya tana kallon tsakar gidan maƙwabta, inda iyalinsu ke girki da shanya. Magana ce da takan kai gaban mai unguwa. Tagogin da ke fuskantar maƙwabci a ɗaga su sama da mita 1.8 daga daɓe, ko a sa gilashi mai hazo wanda ba ya buɗewa.

Inda ɗanɗano yake fallasa

Abu biyu ke raba gini mai kwarjini da na wasan kwaikwayo: kauri da daidaito. Fadar gaske bangonta mai kauri ne, taga tana can ciki, inuwa ta kwanta a bakinta. Bangon inci 9 da aka manna wa gilashi daidai fuskarsa ba zai taɓa ba da wannan ba, ko an yi masa haƙora dubu. Mai son wannan kama ya ninka bangon gaba, inci 9 da inci 6 da ɗan sarari a tsakani, taga ta shige ciki santimita 30 zuwa 40. Ribar biyu ce, ga kyau ga sanyi.

Ginshiƙan Girka da Rum suna da ƙa'ida: tsayi ninki 7 zuwa 10 na kauri. Ginshiƙi mai mita 6 yana son kaurin santimita 60 zuwa 85. Abin da aka fi gani shi ne santimita 30, wato ninki 20, sai ya fito kamar sandar rake ta tallabi baranda. Kuma ginshiƙin Girka da ganuwar yaƙi ba 'yan zamani ɗaya ba ne, ba 'yan ƙasa ɗaya ba. Haɗa su da hular Faransa da kubba mai ruwan gwal a gida ɗaya shi ne abin da ke sa masu ido taɓe baki. A zaɓi ɗaya a bi shi har ƙarshe.

Dutse ma hawa-hawa ne. Bangon dutse mai kaurin mita guda yana da nauyin fiye da tan biyu da rabi a kowane murabba'in mita, kusan ninki takwas na bangon bulo. A kan fa irin na Kajuru ba damuwa. A ƙasa mai laka da ke kumbura da damina ta tsage da rani, harsashinsa kaɗai zai iya cinye kuɗin wani gidan. Fallen dutse mai kaurin santimita 2 zuwa 3 ya fi sauƙi, amma in ya wuce tsayin mutum biyu a kafe shi da ƙugiyar ƙarfe marar tsatsa, kada a dogara da siminti, domin zafin rana yana ɓamɓaro shi ya faɗo a kan mota ko kan yaro. A kusurwa ake gane na bogi, inda siririn bakin falle yake bayyana, don haka a sayi na kusurwa da aka yanka musamman. Filastar da aka zana wa layi aka fente ta kamar dutse ba ta ruɗin kowa. Adon fi'ofi (POP, farin garin da ake yin silin da shi) kuwa na cikin ɗaki ne, a waje damina ɗaya ta ishe shi.

Fadar Hausa ma ana yi mata irin wannan ɓarna, kada a ce mun yi son kai. Zanko siriri da aka dasa a kusurwar gida mai rufin alminiyam, ko dagi da aka buga da mazubi aka manna ko'ina, rawani ne a kan kwat. Zanko na gaske daga jikin rawani yake tsirowa, gindinsa da kauri, ya tafi yana sirancewa, kuma a gini marar bene bai kamata ya wuce kamu biyu ba. In na kankare ne, rodinsa ya fito daga cikin ɗaurin saman bango. Ado kuma a tara shi a kewayen ƙofar zaure, a bar sauran bango ya huta.

Zafi

Ba za a ja wannan da nisa ba. Fadar Turai ba ta da lema, wato bakin rufin da ke fitowa ya yi wa bango inuwa, a ƙasashen sanyi aka gina ta. Sababbin namu sun ƙara da manyan tagogin gilashi, sau da yawa suna kallon yamma, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Falo mai mita 6 da 8 a tsayin mita 3 yana da iska mai kubik mita 144. Ka buɗe shi har bene, tsayin 6.5, ta zama 312, kuma na'urar sanyaya ɗaki da janareta ne za su biya bambancin. Ko ƙwan fitilar da ke rataye a tsakiya ya mutu, sai an kafa ƙarafan hawa. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 kuwa yana jinkirta zafin rana kimanin sa'a goma kafin ya ratso, ga ƙananan tagogi a sama, ga tsakar gida mai inuwa. Aibinsa shi ne daren bazara, lokacin da bangon ke sakin zafin da ya tara, shi ya sa mutanen dauri suke kwana a waje. Sai an yi tagogi masu fuskantar juna don iskar dare ta ratsa.

Idan fadar Hausa ce, da wane kaya?

Ginin tubali da azara na asali shi ne mafi kyau, kuma shi ne mafi neman kulawa. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya nuna inda baka da tulluwa za su iya kaiwa. Amma azara ɗaya ba ta haye fiye da kusan mita 2 sai da dabarar tauyi ko baka, giginya ta yi ƙaranci, masu iya haɗa laso da makuba, kayan yaɓen gargajiya masu tare ruwa, sun ragu, kuma yaɓe yana son a waiwaye shi kafin kowace damina. Kuskure mafi yawa shi ne shafa wa bangon ƙasa filastar siminti don a huta. Siminti ba ya barin danshi ya fita, ƙasar bayansa ta jiƙe ta saki, wata rana filastar ta zubo falle guda. Wannan zaɓi na wanda yake da magini a hannu ne, kuma ya fi dacewa da zaure ko soro guda, ba gidan duka ba.

Matsakaici shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, kusan awo ɗaya ga awo 12 zuwa 18 na ƙasa. A gwada ƙasar tukuna: a zuba ta cikin kwalba da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwanta. Yashi ya zama rabi ko fiye, laka kada ta yi rinjaye, in ta yi bulon zai tsattsage. A rufe shi da leda ana yayyafa ruwa mako guda, kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Daga harsashi zuwa santimita 45 ko 60 sama da ƙasa a yi da dutse ko kankare, saboda fantsamar ruwa gindin bango take ci. Launinsa na ƙasa ne, ƙurar hunturu ba ta nuna kanta a jikinsa, ba kamar farin fenti ba da ke neman sabuntawa duk bayan 'yan shekaru.

Na uku shi ne bulon siminti da kankare a siffar Hausa, bakan gizo na rodi da kankare a cikin zaure. Kowane birkila nagari zai iya, banki da hukuma ba sa tambaya, amma sanyin ƙasa ya tafi sai an ninka bango.

Ko da wane kaya aka yi, tsarin ciki shi ne babbar ribar wannan salo. Baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, iyali suna ciki. Zanen fadar Turai babban zaure ne a tsakiya da matakala a fili, duk wanda ya shigo yana ganin mai hawa da mai sauka. Gidaje da yawa sukan ƙare da rataya labule a bakin matakala da fasa wata ƙofa ta baya don mata, a gidan da aka kashe wa dukiya.

Tsaro da ranar sayarwa

Haƙoran bango ado ne, ba kariya ba. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari Kajuru Castle, mai bangon dutse na gaske, suka kashe mutum biyu. A hanyar da ba ta da tsaro, hasumiyar da ake hangowa daga kilomita guda talla ce.

Wajen sayarwa kuma, gidan da aka ɗinka daidai jikin mutum ɗaya masu sayensa kaɗan ne. Dillali zai yi maka kuɗin fili da yawan ɗakuna, ba zai sa hasumiya a lissafi ba. A Mudurnu ta ƙasar Turkiyya an fara Burj Al Babas a 2014, gidaje 732 iri ɗaya masu siffar fadar Faransa, don attajiran ƙasashen Larabawa. An tayar da 587, kamfanin ya faɗa bashi, zuwa 2019 aiki ya tsaya, suna nan jere a kwari ba kowa ciki. Fada ɗaya a kan tudu abin kallo ce. Ɗari biyar a jere sun kashe abin da ya sa ake son ta tun farko. Haka zai faru a layinku in maƙwabta uku suka kwafi zanenka.

To wa ya dace da wanne? Mai babban fili ko tudu, da dutse a kusa, da kuɗin gamawa a zama ɗaya da na kulawa duk shekara, ya yi fadar Turai, ya tsaya a salo ɗaya, ya ɗauki mai zane mai rajistar ARCON, hukumar masu zanen gini, da injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi, ya kashe kuɗin a kauri da tare ruwa kafin ado. Mai fuloti cikin gari da iyali mai yawan baƙi, siffar Hausa da bulon ƙasa ko ninkakken bango za ta ba shi kwarjinin da yake nema daga bakin titi. Mai ginawa a hankali, bana harsashi baɗi linta, ya guji duka biyun a cikakkiyar siffarsu, domin hasumiyar da ta tsaya a rabi da rodi a waje tana shan ruwa ta tsakiyar bulo, rodin yana tsatsa. Ya yi gida mai kusurwa huɗu da rufin digiri 25 da lemar mita guda, ya ware abu ɗaya, ko hasumiyar matakala mai kusurwa takwas ko zaure mai zanko, ya sa a zuba harsashinsa tare da na gidan tun ranar farko, a rufe bakin rodin da siminti marar ƙarfi har ranar da kuɗin ɗora shi suka samu.